Alƙalamin da Kiyashi Suka Riga Kapiten Karɓa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina. Shekarar fari ce, soja na mulki, ni kuma ina ƙaramin sakatare a wani biro, wato ofishi, na gwamnati a Yamai, inda ake lissafin rabon hatsin agaji. Tsohuwata tana ƙauye can arewacin Damagaram. Saƙo ya iso mini cewa rijiyar garin ta ƙafe, awakinta sun ƙare, maƙwabta suna ta watsewa. Abu ɗaya nake so a duniya: izinin tafiya in ɗauko ta. Shi kuwa Kapiten da aka ɗora mana ya soke hutun kowa, ya ce sai an gama rabo.

A unguwar Bukoki nake haya, katanga ɗaya da Mushe Abarshi (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci), mutumin Tawa, malamin lissafi a kwaleji. Wannan bawan Allah yana da wani abin sha'awa da ban taɓa gani wurin kowa ba. Ran Lahadi, sa'ad da mu muke ƙarƙashin bishiyar bedi muna gardamar kokowa, shi yana cikin ɗan ɗakinsa yana sassaƙa alƙalami na katako. Tsohon keken ɗinki ya kwance, ya mayar da shi injin juya itace: ƙafa na taka feda, guntun itace na juyawa, hannu na riƙe da ƙarfe mai kaifi. Ya huda tsakiya, ya zura bututun tawadar bik, ya goge, ya shafa kakin zuma, ya ajiye, ya sake gogewa. Abin da kake gani a ƙarshe, wallahi sai ka ji kunyar rubuta shirme da shi.

Itacensa duk na bishiyoyin da fari ya kashe ne: ƙirya, marke, kanya. Yakan ce, "Icce ya yi shekara ɗari yana ba mutane inuwa, bai kamata ƙarshenai ya zan toka kaɗai ba." Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya kyautar. Guda ɗaya tak ya riƙe wa kansa, na jar ƙirya daga gonar mahaifinsa marigayi, kullum yana soke a aljihunsa.

Na daɗe ina zama kusa da shi ina kallo, har yakan bar ni in taka feda. Ni a raina na riga na zama gwani. (Idona kullum yana kan injin. Wata baƙar tukunya da ke bayan ƙofa, wadda yakan ɗora a wuta lokaci-lokaci, ban taɓa tambayar aikinta ba.)

Ran nan Kapiten ya shigo ofishinmu yana cewa ya ga wani alƙalamin katako hannun abokinsa, an ce masa a Bukoki ake yi. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi.

"Ai mu ne muke yi, mon kapiten."

"Ku wa?"

"Ni da maƙwabcina."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To, Litinin in ga nawa."

Na koma gida ina ta lissafi: alƙalami ya shiga hannunsa, fuska ta saki, ni kuma in miƙa takardar neman izini. Sai na tarar Mushe ya tafi Tawa duba danginsa. Matarsa ta ba ni mabuɗi, ta ce, "Ka dai yi hankali da kayansa." Na ce haba, kamar yau na fara.

Gaskiya sassaƙar ba ta yi muni ba. Na ɓata guntaye uku, na huɗu ya fito da siffar alƙalami, in ka kalle shi daga nesa. Da na zo shafe, sai na ga gwangwanin kaki wayam. A shekarar ko ƙudan zuma sun yi ƙaura. Na zaga kasuwa har na samu wani Bagurme da ɗan saƙar zuma a ƙwarya. Na ce ai kaki kaki ne. Na matse shi da hannu sama-sama, na ɗumama, na mulke alƙalamin da shi. Ya ɗauki wani irin ƙyalli da ko na Mushe bai taɓa yi ba. Har na fara tausaya wa dattijon, shekara da shekaru yana wahalar banza. Na naɗe shi a hankici, na sa a aljihun rigar aiki, na rataye a ƙusa.

Zamanin nan in ka makara da minti ɗaya, ka tarar an rufe ƙofar biro da sunanka a bakin soja. Safiyar Litinin na tashi a makare, na zura riga na fita a guje.

Kowace Litinin Kapiten yakan tara mu a ofishinsa, mu jeru a tsaye kamar kurata, hannu a gefe, ba mai motsi. Yana cikin bayanin manyan motocin kamiyon da za su tafi arewa sai na ji wani abu yana tafiya a ƙirjina. Na daure. Sai a hammata. Sai a wuya, sai bayan kunne. Na fara ɗaga kafaɗa ɗaya ina saukewa, ina murza baya a jikin bango. Maman Zali, mai buga mana tafireta, ta harare ni ta raɗa, "Kai, lafiyarka?"

"Sakatare," in ji Kapiten, "rawa kake?"

"A'a, mon kapiten. Alƙalaminka ne na kawo."

Na zaro hankicin na miƙa da hannu biyu. Ya warware a gaban kowa. Alƙalamin da na bari ja, ya koma baƙi ƙirin, kuma baƙin yana motsi. Kiyashi ne, gari guda. Suka bi yatsunsa, suka haye agogo, suka shige hannun rigarsa ta soja. Ya yarfe hannu, alƙalamin ya ƙi faɗuwa, ya manne. Mutumin da ko tari ba a yi a gabansa, ga shi yana bubbuga damtse yana hura hannun riga. Maman Zali ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ya sansana yatsa, ya ɗan lasa. "Zuma," ya ce a hankali. "Mutane na neman gero, kai kana ciyar da kiyashi zuma." Sai ya hango takardar neman izinin da ke leƙowa daga aljihuna, ya zare, ya karkaɗe kiyashin da ke kanta, ya karanta. Ya ce, "Ranar da ka kawo mini wanda ba ya tafiya da ƙafafunsa, da shi zan sa hannu."

Da la'asar Mushe ya dawo. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya har ya zauna a kan buhun itace, yana share hawaye. Sannan ya jawo baƙar tukunyar nan. A ciki, ya ce, ake dafa kaki a ruwa, a tace, a sake dafawa, har zaƙin ya fita sarai. Bayan haka ma shafe sai ya sha iska, a goge, a ƙara. Aƙalla mako biyu, in an samu kakin.

Na ce, "Mushe, tsohuwa ba ta da ruwan mako biyu."

Dariyar ta ɗauke. "Mi ya hana ka hwaɗa min tun hwarko, ƙanena?" Ya sa hannu a aljihu, ya zaro jan alƙalamin ƙiryar gonar mahaifinsa, ya goge shi da bakin riga. Na ce ba zan karɓa ba. Ya danƙa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. "Icce na. Tahi ka ɗauko uwarka."

Washegari Kapiten ya jujjuya shi a haske, ya duba ko'ina (har cikin murfin ya leƙa), ya sa hannu a takardata, ya soke shi a aljihunsa. Na bi kamiyon hatsi zuwa arewacin Damagaram. Na tarar da tsohuwa da 'yar jarka ɗaya da ta rage mata, na taho da ita Bukoki.

Daga baya na koyi aikin sosai, daga tukunya na fara. Na sassaƙa wa Mushe alƙalami fiye da goma, kowanne ya karɓa ya yaba, ya kyautar. Aljihun nan nasa haka ya zauna babu komai har muka rabu.

Abin da na koya? In ka ga abinka ya fi na malaminka ƙyalli tun ranar farko, kada ka yi murna. Leƙa aljihunka tukuna.