Waƙoƙin Awa Huɗu

"...ya jikin Yaya, matarmu?"

"Da sauƙi, Injiniya, ya samu barci. Shigo a hankali, takalmin nan naka ya fi ka surutu."

Ƙanin mijinta ne, gyaran fanka da dutsen guga yake yi, ita ta laƙaba masa Injiniya. Gobe maigidan zai fara wankin ƙoda, awa huɗu a kwance, kuma abu ɗaya ya roƙa: a zaɓo masa waƙoƙi daga tsohuwar kwamfutarsa a zuba masa a waya. Kwamfutar na kan teburin falo, an tokare murfinta da gwangwanin madara.

Ya zauna, ya gyara hula, ya kama linzamin kwamfutar. "Waƙa dubu uku da ɗari biyu. Wacce yake so?"

"Ai shi ya sa na kira ka."

"Shekara ashirin da shida kina gidan nan."

"Na san lambar takalminsa. Ko mutum goma suka yi tari tare, zan ware nasa. Amma waƙa, yana kunnawa nake tuna ina da magana. Kai da kuka tashi ɗaki ɗaya fa?"

"Ni na kwance masa rediyo ina neman mawaƙan da ke ciki. Ranar na zama injiniya, shi kuma ya zama marar rediyo."

"To, Allah ya haɗa shi da masoya."

Suka bi sunayen da ido. Wata an rubuta "sabuwa", wata "sabuwa ta gaske", wasu arba'in a jere duk "waƙa ta ɗaya". Injiniya ya buɗe sabon jeri, ya danna nan, ya ja can, ya jingina da kujera.

"An gama. Ki yi mini kirari."

Ta sa tabarau ta leƙa ƙasan allon. "Kwana tara da awa shida. Wankin ƙoda aka ce, ba ƙaura ba."

"Hannuna ne ya zame na kwashe duka. Ya saba da sukundireba."

"Ni ma ba gwana ba ce. Jiya na yi rabin awa ina dangwala allon da yatsa kamar waya, ina yi masa faɗa."

Ya goge jerin. Ana jin numfashin maigidan daga ɗaki. Ta nuna wasu lambobi a gefe.

"Waɗannan fa?"

"Sau nawa aka kunna kowace ke nan." Ya dube ta. "Kash. Da ni na gano, da na ji daɗi."

Ya danna, masu yawa suka hau sama. Ta farkon ba ta da suna, an kunna ta sau ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya rage murya ya kunna.

Ba kiɗa. Ƙarar mota ce, sai muryar mace: "Hagu na ce, hagu." Sai ta namiji: "Dama ce, matarmu, ni nake tuƙi." Su biyun ne, ranar da suka ɓata a hanyar zuwa gaisuwa, shekara shida da suka wuce. A ƙarƙashin gardamar, kusa da wayar da ke ɗaukar muryoyin, maigidan na ta ƙyaƙyata dariya.

"Haka muryata take?" ta ce. "Kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba."

"Ki gode Allah. Ni kamar an shaƙe agwagwa."

"Mutum yana da mawaƙa dubu uku, ya zaɓi mu."

"Ciwon ya daɗe a jikinsa ashe."

Ta dake shi a kafaɗa, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Sa ta a farko. Sauran ka bi lambobin har awa huɗu ta cika."

Ya ja su ɗaya bayan ɗaya. Tana tsaye a kansa ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Dama ce hanyar. Tun a motar na gane."

Injiniya ya saki linzamin, ya zaro wayarsa, ya kara mata a baki.

"Maimaita, matarmu. Yaya ya samu waƙa ta biyu."

Ta toshe baki da mayafi don kada dariyar ta tashi marar lafiya, sannan ta sunkuya ta maimaita.