Manhajar Rufin Asiri da Gemuna

Na zauna a Jidda, na yi fatauci a Kwatano, ina jin harsuna huɗu. Don haka da na shaida wa majalisarmu ta Tudun Wada cewa na samo manhajar bincike mai rufa asiri, ban zaci gardama ba.

Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri, ya ce, "Alhaji, in ba sa sayar da sirrin mutum, me suke ci?"

Na ce, "Waƙafi ne. A ƙasashen da na je, attajirai kan yi haka don Allah." Na miƙa masa wayar cikin isa.

Yana taɓa gurbin rubutu, wayar ta jero abin da na nema jiya: maganin rina gemu, da Hausa, da Larabci, da Faransanci. Ya danna ɗaya, sai ga tallar rini a sama, har da rangwame. Ni kuwa na daɗe ina ce musu baƙin gemuna gado ne.

Yohanna ya gyara tabarau. "To, ga abin da suke ci."

Har yau in na iso majalisa, sai wani ya leƙa haɓata ya ce, "Alhaji, gadon ya fara koɗewa, a sake shafawa."