Ranar da Na Sasanta Turawan da Ba Su Yi Faɗa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Mahjar, unguwarmu a Jidda, a shekarun da jiragen ruwa ke yin layi a tekun Jidda suna jiran a sauke musu kaya. Ranar ce na tara dattawan unguwarmu don su yi wa Turawa biyu sulhu. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina saurayi, ina aiki a wani ƙaramin kamfani kusa da tashar jiragen ruwa, mai gyaran injinan ɗaga kaya. Ni ne tafinta. A Jidda aka haife ni, saboda haka Larabci nawa ne, Hausa ta gida ce, Turanci kuwa a bakin tasha na tsince shi (irin wanda in ka ji ina yi sai ka ce na iya, muddin kai ba ka iya ba). Kamfanin na wani Balarabe ne, shi ne kafilin kowa, wato mai tsaya wa baƙo a wurin hukuma, amma Turawa biyu 'yan ƙasar Wales ne ke riƙe da aikin. Ɗaya siriri ne, muna ce masa Dogo. Ɗayan gajere ne mai ƙaton gashin baki, muna ce masa Abu Shanab, wato mai gashin baki da Larabci. Dogo ne ya san inji, Abu Shanab ne ya san masu ba da kwangila. Kowa ya san in suka rabu, wurin ya mutu.

Ni kuwa mutuwar wurin ba ƙaramin abu ba ce a gare ni, domin ina neman auren Halima, 'yar Ammu Sale (Ammu wato baffa). Dattijo ne daga Hausawan Sudan, mai shagon yadi, kuma shi ake kira in 'yan'uwa sun saɓa a unguwa. Bai ce min e ba, bai ce a'a ba, yana dai auna ni. Abin da kawai nake tinƙaho da shi a gabansa shi ne ina da aiki a hannun Turawa.

To, ana nan sai jaridun ƙasarsu suka iso, waɗanda kullum sai sun tsufa a hanya. Ashe an kusa zaɓen 'yan wasan ƙasa na ragbi, wanda yanzu ake ce wa zari-ruga, wasan nan da ƙarti ke rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai suna gudu ana kayar da su. Rigimar a kan ɗan gefe ce, wato mai tsayawa can bakin layi yana jiran a miƙo masa ƙwallo ya ruga. Dogo ya ce a bar tsohon hannu, wanda ya daɗe a wurin, ya san inda zai tsaya. Abu Shanab ya ce tsohon ya ƙare, ƙafafunsa sun yi nauyi, a sa wani yaro sabon jini da ba a cim masa.

Da farko da murmushi ake yi. Kafin mako ya zagayo an fara dukan tebur. Dogo ya ce yaron nan in ya ga ƙato ya taho sai ya rufe ido. Abu Shanab ya ce kakarsa ta fi tsohon gudu, kuma ta daɗe da rasuwa. Wata rana Dogo ya ce masa, a gabanmu, bai san komai ba sai cika baki. Abu Shanab ya yi jajir, ya bugi tebur har shayi ya zube, ya fita ya buga ƙofa.

A wurinmu, in babba ya ce wa babba bai san komai ba a gaban yara, kuma aka sako kaka a magana, to sai dai a nemo dattawa. Ma'aikata suka yi tsuru-tsuru, masu iƙama, takardar zaman baƙi, suka fara tunanin inda za su nemi wani kafilin. Ni kuma, tunda ni kaɗai ke jin abin da ake faɗa, sai na zama malamin fassara. Na ce musu wasan nan fakewa ce kawai. Babu magidancin da zai ta da jijiyar wuya haka a kan gudun wani yaro, lallai akwai lauje cikin naɗi. (Ban san me ke cikin naɗin ba, amma na faɗa da murya irin ta wanda ya sani.)

Nan dabara ta zo min, irin wadda ke zuwa wa mutum in Allah ya so a yi masa dariya. In na kai maganar wurin Ammu Sale, na ceci aikina, kuma ya ga irin surukin da zai samu. Na same shi a shago na durƙusa.

"Me ya haɗa su, ya waladi?"

"Ammu, maganar ƙasarsu ce. Kan wanda za a ba wani matsayi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Sarauta ke nan. Ita ce ke raba wa da ƙane. Tayyib, kawo su bayan Juma'a."

Ban gyara masa ba. Wallahi daɗi ma na ji da maganar ta yi girma.

Na yi komai bisa ƙa'ida. Na gayyaci kowannensu a keɓe, ban gaya masa ɗayan zai zo ba, kamar yadda ake yi wa masu gaba. Na sa aka yanka rago, mahaifiyata ta dafa shinkafa, aka gasa tsire. Aka shimfiɗa darduma a zauren Ammu, aka ajiye matasai biyu nesa da juna. Dattawa suka hallara, har da Malam Barau, aminin Ammu, tsohon ɗan dako da ba ya raina musu.

Sai ga mota ta tsaya. Mota ɗaya. Abu Shanab ne ke tuƙi, Dogo na gefensa rungume da kwalin alewa, suna ta ƙyalƙyala dariya. Mai hankali da a nan ya farga. Ni kuwa na matsa kusa da Ammu na raɗa masa cewa haka Turawa suke, a ciki suke ɓoye ƙiyayya.

Aka zaunar da su, kowa a matashinsa. Ammu ya gyara rawani ya fara. Ya yi magana a kan baƙunta, da yadda ɗan ƙasarku a ƙasar wasu ya fi ɗan'uwa. Ya ce duniya ba matabbata ba ce, mulki kuma riga ce ta aro. Ina fassarawa, ina ƙara gishiri. Turawan suka daina murmushi, suka sunkuyar da kai. Can Dogo ya jawo hannun rigata ya tambaye ni a hankali ko wani ne ya rasu.

Sai Ammu ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, a fara da babba. Na juya na ce musu dattijo yana so ya ji abin da ya raba su. Suka dubi juna. Abu Shanab ya ce, "Raba mu? Da wa?" Na ce maganar ɗan gefe. Sai gashin bakinsa ya fara rawa, yana danne dariya. Dogo kuwa, da yake mutum ne mai ɗaukar komai da gaske, ya ɗauki lemo daga faranti ya fara nuna wa dattawa yadda ake miƙa ƙwallo.

Ba yadda zan yi, dole na fassara. Ina magana muryata tana ƙanƙancewa.

Ammu ya ɗaga hannu. "Dakata. Ya'ani wasa ne?"

"Wasa ne, Ammu."

"Yaran nan biyu, 'ya'yansu ne?"

"A'a."

"Danginsu ne? Sun taɓa ganinsu ido da ido?"

Na tambaya. Ba su taɓa ba.

"Masu zaɓen, suna jin shawarar waɗannan?"

"Ba su ma san da su ba, Ammu."

Ta bayan labule na ji wata dariya da aka toshe da mayafi, kuma na san mai ita. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abu Shanab, yana share hawayen dariya, ya ce in gaya wa dattijo shekara da shekaru suna wannan musun, tun suna makaranta, kuma ranar da ya buga ƙofa abincin rana ya tafi sayo musu.

Ammu ya dube ni ya ce, "Ashe taubasai ka tara mana. Kai da ka tashi kana jin Bafillace da Babarbare suna yi wa juna tsiya a bakin masallaci, ka taɓa ganin an kira musu sulhu?"

Don ya rufa min asiri, sai ya ce tunda an taru, ba a tashi ba hukunci: a bar tsohon hannu a gefe, domin wanda ya san hanya ya fi mai sauri. Malam Barau ya ce sam, shi ya yi dako, in ƙafa ta mutu sani ba ya ɗaukar buhu, a sa yaro. Ammu ya ce Barau bai san komai ba. Barau ya bugi faranti. Kafin a jima zaure ya rabu biyu, Dogo ya koma kusa da Ammu, Abu Shanab yana tafa wa Barau, ni ina tsakiya ina fassara musun mutanen da rabinsu ba su taɓa ganin ƙwallon ba. Aka cinye ragon tas.

Da baƙi suka tafi na tsaya naɗe darduma, na riga na sallama Halima a raina. Ammu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wanda ya yanka rago saboda faɗan da ba a yi ba, ba zai bar 'yata ta kwana da fushi ba. Halas, shi ke nan, turo manyanka." Ya juya wajen labule ya ƙara da cewa, "Amma ke Halima, kafin ya tara jama'a, ki riƙa tambayarsa me aka yi."

Tana tambaya kuwa, har gobe. Ni ma na koyi nawa: in na hango hayaƙi a gidan mutane nakan leƙa tukuna kafin in ɗebo ruwa, don sau da yawa girki suke yi.