Na'urar Bashiru da Buhunan Taki

Ba za ni taɓa mantawa da daminar da Bashiru ya zo bikin autarsu ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Bashiru ƙanen maigidana ne. Yana karatun fiziks a ƙasar waje, a wani wuri da aka haƙa ƙarƙashin dutse ana dakon wani abu wai shi niyutirino. Ya ce abin ƙanƙane ne ƙwarai, yana ratsa mutum da gini da duniya kanta bai tsaya ba, sai jefi-jefi yake barin alama a na'urarsu. Matsalar ita ce duwatsu da ƙasa, har gilashin na'urar, duk suna fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, shi ma yana barin tasa alamar. Aikin Bashiru ke nan, ware alamar gaske daga ta tarkacen da ke kewaye. Na ce masa ashe tsintar wake ya tafi yi Turai, da ya zauna nan garinmu Isa, da na koya masa kyauta. Ya ce wallahi bai taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba. (Ranar kaina ya kumbura. Ni da na ci fiziks da ƙyar a sakandare.)

Ya zo da wata 'yar na'ura da ya aro wurin malaminsa, za shi nuna wa 'yan makarantar mata bayan biki. Ita ba ta ganin niyutirino, tiririn nan kawai take ƙirgawa, tana ƙas, ƙas, a hankali. Ya ɗora ta kan tebur a ɗakin baƙi, ya ce sai ta kwana biyu tana ƙirga na garin, kafin a san abin da ya ƙaru idan an kawo mata wani abu. Ya ce kada kowa ya taɓa. Ni kuwa na ɗauka da yara yake.

Rufin ɗakin nan yana yoyo, ni na sani, shi bai sani ba. Da ya hau babur ya tafi gaishe-gaishe Gangara, na ga hadari ya haɗo, sai tausayi ya kama ni. Kayan aro, a hannun yaron da ba shi da uba! Na yi bisimilla, na naɗe ta a sabon zane, na kai ta ɗakin ajiya, na kwantar da ita kan buhunan takin zamani da maigida ya saya don gonarsa ta ƙauyen Tozai. Ina ajiyewa na ji ƙas-ƙas ɗin ya ƙara sauri. Allah ya gani, cewa na yi a raina ta ji daɗin wurin. Kafin la'asar na mayar da ita, na daidaita ta yadda na same ta.

Da ya dawo ya duba abin da ta ƙirga, fuskarsa ta sauya. Wai da hantsi ƙirgen ya yi tsalle, da yamma ya sauko, kuma babu dalili. Washegari ma haka, don hadari bai fasa ba, ni ma ban fasa ba. Ya daina shan furar da nake dama masa. Na ji yana gaya wa yayansa cewa na'urar ta lalace a hanya, dole ya kira malaminsa ya faɗa masa, ya kuma ba makaranta haƙuri. Malamin nan ne zai sa masa hannu a ƙarshen karatu.

Ni me na yi? Addu'a. Kowace salla sai na roƙi Allah ya tona duk abin da yake damun na'urar Bashiru. Har waina na soya na yi sadaka. Sannan na ƙara kula da ita, na fara kai ta ɗakin ajiya tun yana fita.

Ranar da ya yanke zai yi wayar, ya fita da safe, sai ya dawo daga hanya tare da maigida da malamin fiziks na makarantar, wai don malamin ya ga lalacewar da idonsa. Inna, surukata, tana zaune a tsakar gida da 'yan biki. Suka tarar da tebur wayam. Ba su sha wahalar nema ba, ƙarar suka bi. Suka same ni zaune bakin ƙofar ɗakin ajiya da faifai a cinya, ina tsintar wake, ina gadinta kada kaji su hau.

Bashiru ya ɗaga ta daga kan buhu, ƙarar ta lafa. Ya mayar, ta tashi. Ya sake ɗagawa.

“Matar Yaya,” ya ce a hankali, “tun yaushe take kwana nan?”

“Ba ta kwana,” na ce, “wuni dai takai.”

Ya zauna kan buhun yana dariya har da hawaye. Ashe takin yana da wani sinadari, fotasiyam, mai fitar da tiririn nan kaɗan, ba mai cutarwa ba, amma na'urar tana ji. Inna ta leƙo ta ce, “To wainar da munka ci, ta mi ce?” Na ja mayafi na rufe fuska, na ji kamar in shige cikin buhun.

Bai yi wayar ba. Ya je makaranta da mudun taki a leda, kuma an ce darasin ya yi kyau. 'Yar maƙwabciyarmu ta kawo mini labari cewa ya gaya musu, idan na'ura ta nuna abin mamaki, kafin mutum ya yi murna ko ya yi kuka, ya fara zargin dutse, ya zargi gilashi, sannan ya tambayi matar yayansa.

Addu'ata dai ta karɓu, an tona. Shi ya sa yanzu kafin in roƙi Allah ya bayyana abin da yake damun wani, sai na fara duba inda ni nake zaune.