Likitan Barci da Katifu Ashirin

"Ni fa ba katifa nake sayarwa ba," in ji Mai Katifa yana bugun ƙirji, "barci nake sayarwa!"

Kai dai bari, ɗan'uwa. Tun ranar da mutumin nan ya gani a waya cewa jiki na yin wani sinadari wai shi melatonin, mai jawo barci idan duhu ya yi, 'yan layinmu ba su sake hutawa ba. Ya naɗa kansa Likitan Barci. Duk wanda ya gifta sai ya sha wa'azi: a ajiye waya kafin a kwanta, a rage haske, a bar kofi da yamma. Duk gaskiya ne. Sai dai gogan naka kwana yake yi yana kallon bidiyon yadda ake barci, gari ya waye masa da idanu jajur kamar garwashi.

Ran nan sai ga wata Hajiya mai otal. Baƙinta na kukan ba sa samun barci, tana so ta sauya katifun ɗakuna ashirin. Shi kuwa wata uku rabonsa da cinikin kirki, wannan ne zai hana shagon rufewa.

"Nawa ce wannan?" Hajiya ta tambaya tana danna wata katifa.

"Hajiya, bar wannan tukuna. Kin san melatonin?"

"Ɗan gidan wa ne?"

"A cikin kanki yake! Haske ne babban maƙiyinsa. Ko a kan siminti kika kwanta, in dai da duhu da shiru, barci sai ya kwashe ki. Tsaya ki gani."

Ya ruga shagon tela maƙwabcinsa ya aro labule masu kauri. Ya toshe taga, ya toshe ƙofa, ya kashe fitila, ya kunna fanka. Sannan ya miƙe a kan katifa, tumbi na kallon sama.

"Sai a ja numfashi haka... a hankali... a sake shi..."

"To, sai kuma me?" in ji Hajiya.

Ta matso kusa da katifar.

"Malam?"

Minshari ne ya amsa mata, irin na tsohon janareta. Ta kira, ta tafa, direbanta ya shigo ya girgiza masa ƙafa. Likita ya juya, ya rungume filo, ya ce, "A rage haske."

Sai da yamma ta yi lis ya zabura ya fito, yawu a gemu, shatin filo a kumatu. Ya tarar da tela yana yankan yadi yana fito.

"Ina Hajiya?"

"Ai ta daɗe da tafiya. Amma fa ta yaba maka, Likita. Ta ce wallahi ta gamsu."

Ƙirjin mutumin ya kumbura. "Ba na faɗa muku ba? Yaushe za a zo kwasar katifun?"

"Waɗanne katifu? Cewa ta yi tunda duhu ne ke kawo barci, nata na da ma sun isa. Labulen ɗaki ashirin ta ba ni in ɗinka."

Likita ya buɗe baki, ya kasa rufewa. Har tausayi ya ba ni.

Tela ya ajiye almakashi ya dafa kafaɗarsa. "Don Allah, yayana, gobe ma ka zo ka kwanta. Ta ce za ta kawo ƙawarta mai otal ta gani."