Neman Mai Yo

Ni jikan maharbi ne, kuma abin da ya ja min ke nan. A zuwana Guangzhou na farko sarin takalma, na ji ana cewa akwai namun daji a duwatsun bayan gari, sai jinin gado ya motsa. Na kwatanta wa Basinen da nake sari wurinsa da hannu: bindiga, lasisi, makarantar koyon harbi. Ya girgiza kai ya ce, "Mei yo."

Na ɗauka Mai Yo wani babba ne kamar mai unguwa, shi ke ba da izini. Abokin tafiyata ya ce, "Alhaji, bari mu tambaya tukuna." Na ce masa farauta ba ta matsorata ba ce.

Na shiga ofishin 'yan sanda ina kiran Mai Yo, ina auna su da yatsa kamar bindiga, a ƙasar da ta haramta bindiga. Ba wanda ya yi dariya. Suka kulle ni. Ina tsare jirgin ruwa ya bar tashar Huangpu ba kayana, kasuwar Sallah ta wuce ni.

Ashe "mei yo" da Sinanci "babu" ke nan.

Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Sarkin Baka, an ga Mai Yo kuwa?"