Jana'izar Guntun Haƙori

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini wankin haƙori a Wudil ba.

Ni mutum ne mai taƙama da haƙoransa. Na haura hamsin, amma talatin da biyun nan cif suke. Goro kuwa tun da sassafe nake farawa. Matata Hajara ta daɗe tana cewa, "Malam, asuwakinka fa da jini yake fitowa." Sai in ce mata ƙarfin hannu ne. (Maganar wari ba ta taɓa yi mini ba, sai dai kullum ta miƙo mini kanumfari, ni kuma ina ɗauka tsabar ƙauna ce.)

Da dasashina ya kumbura har tuwo ya gagare ni, ta tasa ni gaba daga Utai zuwa asibiti. Likita ya leƙa bakina ya ce ciwon dasashi ne, sai an kankare har ƙarƙashin naman, in ba haka ba haƙoran za su fara zuba. Ina jin "zuba" na kwanta ba musu.

Ya yi mini allura, ya kunna wata na'ura mai ƙara, ya yi ta aiki. Can ya ce in kuskure baki. Ina tofarwa sai wani guntu ya faɗa kwano, ƙwal! Ruwan ƙasa, ya kai ƙwayar masara. Na kai harshe, na ji gurbi. Gabana ya faɗi.

Ban yi faɗa ba, ni dattijo ne. Na zaro hankici, na ɗauki guntun, na naɗe shi a hankali. Na ce, "Likita, na yafe maka, ƙaddara ce. Amma zan tafi da shi in binne, jikin ɗan Adam ba a jefa shi a shara."

Ya ce, "Baba, ai ba haƙori ba ne. Dattin goro da abinci ne ya daskare shekara da shekaru. Haƙoranka suna nan lafiya. Akwai ma sauran irinsa da yawa."

Hajara, da ke zaune a bakin ƙofa, ta ce, "Likita, tara masa duka, a yi musu kabari ɗaya."

Wallahi na ji kunya. Na koma na kwanta, na buɗe baki, hankicin yana hannuna na rasa inda zan ajiye shi.

Yanzu dasashi ya lafa, burushi kuwa safe da yamma. Abin da na koya shi ne, in matarka ta riƙa miƙo maka kanumfari ba ka tambaya ba, kada ka tsaya godiya, nemi likita.